Masassara ta dawo bayan Coartem: maganin ne ya mutu kamar nibakin?

"Assalamu alaikum lokotoro. Ni uwa ce, ina zaune a Tahoua. Cikin daminar nan ɗana mai shekara huɗu ya yi masassara, muka kai shi likita, aka ɗebi jini a yatsa aka ce palu ne, wato zazzaɓin cizon sauro, aka ba mu Coartem. Ya sha kwana biyu jikinsa ya yi sanyi, ya tashi yana wasa, sai na ajiye sauran don gaba. Sati uku bai cika ba masassarar ta dawo. Uwar mijina ta ce maganin yanzu ba shi da ƙarfi, a zamaninsu nibakin kaɗai ake sha a warke, kuma ta ce in dafa masa tazargade tunda an ce daga jikinsa ake yin maganin. Don Allah maganin ne ya daina aiki? In ba shi tazargaden?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba yaro lafiya. Ni aikina farmasi ne, wato sanin magani da yadda yake tafiya a jikin mutum, don haka ta wannan fuskar zan amsa miki. In na fahimce ki, abu uku kike son sani: dalilin da nibakin ya daina aiki, ko Coartem ma ya kama hanyarsa, da kuma ko tazargade zai iya tsayawa a madadinsa.

Kafin dogon bayani, ga abin da ba ya jira. Yaron da masassara ta dawo masa a mayar da shi likita yau, a sake gwada jininsa. In kuwa yana jijjiga, ko yana amai ba tsayawa, ko ya kasa ci da sha, ko barci ya yi masa nauyi har ana tashinsa da ƙyar, ko tafin hannunsa da cikin idonsa sun yi fari, ko numfashi na yi masa wuya, to ki ajiye karatun nan ki tafi da shi yanzu, ko da tsakar dare ne.

Inna, uwar mijinki, ta yi gaskiya a kan nibakin

Nibakin, wato kulorokin, magani ne na gaske, kuma ya ceci rayukan da Allah kaɗai ya san adadinsu. A Jamus aka fara haɗa shi a 1934, bayan yaƙin duniya na biyu ya bazu ko'ina. Ga arha, ga sauƙin sha, ko da yake mutanenmu da yawa ba su manta da ƙaiƙayin da yake sa su ba. Yadda yake aiki shi ne: cutar palu, wadda ake kira Plasmodium falciparum, tana shiga cikin jajayen ƙwayoyin jini tana cin abin da ke ciki. Wannan cin yana barin wani saura mai guba, sai cutar ta dunƙule shi ta mayar da shi abin da ba zai cutar da ita ba. Nibakin yana hana wannan dunƙulewar, gubar ta taru ta kashe ta.

A ƙarshen shekarun 1950 aka fara ganin cutar da nibakin ba ya kashewa, a kan iyakar Tailan da Kambodiya, da kuma Kolombiya. A 1978 aka gan ta a gabashin Afirka, cikin shekarun 1980 ta keto zuwa yamma. Sai a shekarar 2000 masu bincike suka gano sirrin: wani canji ne ya faru a halittar cutar, ta samu hanyar fitar da maganin daga wurin da ya kamata ya taru. Maganin bai canza ba ko kaɗan, cutar ce ta canza. Kuma mu muka taimaka mata, domin shekara da shekaru ana shan nibakin shi kaɗai, ga kowane ciwon kai, rabi-rabi, ba gwaji. Duk lokacin da aka sha abin da bai kai ba, masu rauni a cikin cutar su mutu, masu taurin su tsira su hayayyafa, sauro ya ɗauke su ya kai gidan maƙwabci. A tsakiyar shekarun 2000 Nijar ta bar nibakin ta koma ga magungunan haɗi masu wani sinadari da ake kira artemisinin, irin su Coartem. Saboda haka ki gaya wa Inna, da ladabi, cewa abin da ta gani a zamaninsu gaskiya ne, amma nibakin da ya warkar da ita ba shi ne maganin jikanta a yau ba.

Lissafin kwana uku

A nan amsar tambayarki take, don haka zan ɗan tsaya.

Coartem sunan kamfani ne. Abin da ke cikin kowace ƙwaya magani biyu ne, artemether miligiram 20 da lumefantrine miligiram 120, kuma akwai kamfanoni da yawa masu yin wannan haɗin da wasu sunaye. Halin magungunan biyu ya sha bamban. Artemether, wanda yake cikin dangin artemisinin, mai sauri ne ƙwarai, babu maganin palu da ya kai danginsa saurin kisa, amma ba ya daɗewa: cikin awa biyu zuwa uku rabinsa ya bar jini. Lumefantrine kuwa a hankali yake shiga, a hankali yake aiki, amma yana ɗaukar kwanaki kafin rabinsa ya fita. In kin san aikin gona, artemether shi ne noman farko da ke kwashe yawancin ciyawa, lumefantrine kuma shi ne maimai. Gonar da aka yi wa noman farko aka bar ta, a sati na farko tsaf take a ido.

Cutar tana kammala zagaye ɗaya a cikin jini cikin awa 48: ta shiga ƙwayar jini, ta girma, ta rarrabu, ta fasa ta, ƴaƴan su shiga wasu. A kowane zagaye, dangin artemisinin suna iya rage yawanta har ninki 10,000. Mu ɗauki misali, a ce yaro ya kwanta da cutar guda biliyan 100 a jikinsa, wanda ba abin mamaki ba ne ga mai masassara mai zafi. Bayan zagaye ɗaya da magani, saura miliyan 10. Wannan adadin bai kai ya ta da zazzaɓi ba, shi ya sa kika ga yaro ya tashi yana wasa ranar ta biyu. Amma miliyan 10 suna nan da ransu. Shan kwana uku an tsara shi ne don maganin ya riski zagaye biyu, sai miliyan 10 ɗin su koma kamar dubu ɗaya, waɗannan kuma lumefantrine da ya taru a jini ya bi su ya ƙarasa cikin kwanakin da ke biye. Shi kansa lumefantrine sai an yi sha shida cif yake taruwa ya kai yadda ake so. Wanda ya tsaya a sha huɗu ya yi asara biyu ke nan: ya bar cutar da yawa, kuma ya rage ƙarfin wanda zai share saura. Waɗanda suka rage sai su riƙa ninkawa a ɓoye, bayan sati biyu ko uku su sake kai adadin da ke ta da masassara. Lokacin da kika faɗa ya yi daidai da wannan.

Tsarin shan shi ne: na farko da zarar an karɓa, na biyu bayan awa takwas, sannan safe da yamma a rana ta biyu, safe da yamma a rana ta uku. Yawan ƙwayoyin kuma da nauyi ake auna shi, ba da shekaru ba. Daga kilo 5 zuwa 14 ƙwaya ɗaya kowane sha, daga 15 zuwa 24 biyu, daga 25 zuwa 34 uku, daga 35 zuwa sama huɗu. Na kawo wannan ne domin ɗan shekara huɗu sau da yawa yana kan iyakar kilo 15, kuma in ba a ɗora shi a sikeli ba, ana iya ba shi fakitin ƙanensa, ya sha rabin abin da ya dace da shi. Akwai kuma ƙwayar manya mai ƙarfin huɗu a dunƙule, 80 da 480, wadda ake sha ɗaya ɗaya. Kada a gutsura wa yaro ita da ka.

Ban faɗi wannan don in ɗora miki laifi ba. A bakin kanta ina ganin haka kullum damina: uwa ta buɗe bakin zane ta fito da faranti mai sauran ƙwayoyi biyu ko huɗu, ta ce na wancan karon ne, ko za su yi wa ƙanensa. Tattali ne ya sa, kuma sau da yawa ba wanda ya zauna ya yi mata bayanin dalilin kwana na uku. Mu ma'aikata muna da kaso a nan, domin idan layi ya yi tsawo a watan Satumba, bayanin yakan taƙaita ga "safe da yamma".

Wasu dalilan da ke sa ta dawo

Ko da an shanye duka, akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba: lumefantrine ba ya shiga jini sosai sai da maiƙo. An gwada a jikin mutane masu lafiya, aka ga wanda ya sha shi da abinci mai mai yana iya samun ninki 16 na abin da mai sha da ciki wayam yake samu. Abin farin ciki shi ne ba maiƙo mai yawa ake buƙata ba. Wani gwaji da aka yi a Tailan ya nuna mai kaɗan da bai kai giram biyu ba ya kusa wadatarwa. A wurinmu wannan yana nufin ƴan kurɓi na madara, ko hura da nono mai kyau, ko kunun gyaɗa, ko loma biyu ta tuwo da miya mai mai. Jariri kuma nonon uwa ya ishe shi. Matsalar ita ce mai masassara ba ya son abinci, sai a ba shi da ruwa zalla. Ki lallashe shi ko da kaɗan ne. In kuma ya yi amai kafin awa guda ta cika da shan, a ɗauka bai sha ba, a sake ba shi, sannan a koma a ƙaro abin da zai cike gurbin.

Sai ingancin maganin kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin goma na magunguna a ƙasashe irin namu jabu ne ko bai kai ƙa'ida ba, kuma magungunan palu suna cikin waɗanda aka fi kai ƙorafi a kansu. Ko na gaske ne, a jikin kwalinsa an rubuta kada a ajiye shi a zafin da ya wuce digiri 30. Kin san abin da rana take yi a Tahoua a watan Afrilu da Mayu, tana wuce 40. Maganin da ya wuni a kan tire a kasuwa ko a bayan keke, ya kwana a shago mai rufin kwano, babu mai iya ba ki tabbacin abin da ya rage a cikinsa. Shi ya sa nake roƙon mutane su karɓa a likita ko a farmasi mai lasisi.

Akwai kuma sabon cizo. A tsakiyar damina yaro yana iya warkewa sarai, wani sauron ya sake sa masa sabuwar cuta. Kuma ba kowace masassara ce palu ba: ciwon kunne, ciwon maƙogwaro, ciwon huhu, taifot, duk suna zuwa da zafin jiki. A nan akwai wani tarko. Gwajin gaggawa na yatsa, wanda ma'aikata ke kira TDR, yawancinsa wani sinadari yake nema da cutar ke zubarwa a jini, kuma sinadarin yana iya zama makonni bayan cutar ta mutu. Yaron da ya yi palu sati uku da suka wuce, TDR na iya nuna layi biyu alhali wani ciwon ne daban ke damunsa. Don haka ki gaya wa ma'aikacin ranar da aka yi gwajin farko, kuma inda akwai hali a duba ɗigon jinin a madubin duba ƙwayoyin cuta, domin shi ne ke nuna cutar da ido.

To, Coartem ya fara mutuwa?

A ƙasarmu, shaidar da aka wallafa ta nuna yana aiki. Yadda ake sanin haka ba da jin labari ba ne. Ana ɗaukar yara masu palu da aka tabbatar, a ba su kowane sha a gaban ma'aikaci, a riƙa duba jininsu har kwana 28 ko 42. In cutar ta sake bayyana, a kwatanta halittarta da ta farko, a bambance tsohuwar da ta farfaɗo da sabon cizo. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ita ce in magani ya gaza a sama da 10 cikin 100, ƙasa ta canza shi. Wani gwaji irin wannan da aka yi a Maradi, aka wallafa a 2018, ya kwatanta haɗi uku har da wannan, dukkansu sun wuce 90 cikin 100. Cibiyar bincike ta CERMES a Yamai tana cikin masu sa ido a kan halittar cutar.

Amma ba zan ce miki a kwantar da hankali gaba ɗaya ba. A 2008 da 2009 aka ba da rahoton cutar da ke jinkirin mutuwa da artemisinin a yammacin Kambodiya, yankin nan dai da nibakin ya fara faɗuwa. A 2014 aka gano alamar abin a halittar cutar, ana kiranta kelch13. A 2020 aka ga irinta a Ruwanda, a 2021 a Yuganda, daga baya a Eritiriya da Tanzaniya, kuma bincike ya nuna a nan Afirka suka tsiro, ba shigo da su aka yi ba. Wannan yana tayar mini da hankali, domin a ƙiyasin 2023 palu ya kashe kusan mutum 597,000 a duniya, kuma Nijar tana cikin ƙasashe huɗu da suka ɗauki fiye da rabin wannan adadi. Ana gwajin sabbin magunguna, akwai wani mai suna ganaplacide da ba ya cikin dangin artemisinin, ana kuma gwada haɗa magani uku a maimakon biyu. Sai dai daga ɗakin bincike zuwa kantar likitar ƙauye tafiya ce ta shekaru. A halin yanzu wannan ne a hannunmu, kuma shan rabi shi ne ainihin abin da ke koya wa cutar jure shi.

Maganar tazargade

Abin da Inna ta ji yana da tushe. Artemisinin daga ganye aka samo shi, wani tsiro mai suna Artemisia annua da mutanen Sin suka daɗe suna amfani da shi ga zazzaɓi. A 1967 gwamnatin Sin ta kafa wani shirin neman maganin palu, wata mai bincike, Tu Youyou, ta bi tsoffin rubuce-rubucen maganin gargajiya. Gwaje-gwajen farko ba su ba da sakamako mai ɗorewa ba. Sai ta lura cewa wani malami na ƙarni na huɗu, Ge Hong, cewa ya yi a jiƙa ganyen a ruwa a matse a sha, bai ce a dafa ba. Ta koma tatsar sinadarin ba tare da zafi mai yawa ba, a farkon shekarun 1970 aka samu nasara, a 2015 aka ba ta kyautar Nobel. Ni ina girmama maganin gargajiya saboda irin wannan tarihi, kinin ma, tsohon maganin palu, daga ɓawon itace ya fito.

Amma ki duba abin da labarin ke nunawa. Na farko, dangin Artemisia suna da yawa, kuma tazargaden da ake auna miki a kasuwa ba lalle ne ya zama annua ba. Wasu daga cikin dangin kusan babu artemisinin a jikinsu. Na biyu, ko annua ɗin ne, yawan sinadarin yana bambanta ƙwarai gwargwadon iri da ƙasa da lokacin yanka da yadda aka shanya, kuma ba ya narkewa sosai a ruwa, tafasa kuma tana rage shi. Ba ki da hanyar sanin nawa ne a cikin kofin da kika ba yaro. Na uku, wanda ya fi damuna: ko da akwai shi a kofin, shi kaɗai ne, babu lumefantrine da zai bi bayansa. Zai iya sauke zafin jiki kwana biyu, a ɗauka an warke, cutar na nan. Saboda irin wannan ne aka nemi ƙasashe tun 2007 su hana sayar da ƙwayar artemisinin ita kaɗai, kuma a 2019 Hukumar Lafiya ta fito fili ta ce ba ta goyon bayan shan ganyen a matsayin maganin palu ko rigakafinsa. Ga yaro ɗan shekara huɗu, wanda palu zai iya hawa kansa ko ya shanye masa jini cikin kwana ɗaya, amsata ita ce a'a, kada a ba shi a madadin magani.

Abin da za a yi yanzu

Ban ga yaron ba, ban auna shi ba, don haka ba zan zaɓa masa magani daga nesa ba. Wannan aikin wanda zai duba shi ne. Ki tafi da farantin da kika ajiye ki nuna, ki faɗi sau nawa ya sha da ranar da ya daina, kamar yadda kika faɗa mini. Wannan bayanin yana canza hukunci. In cutar ta dawo kafin kwana 28 bayan an shanye magani daidai, ana komawa ga wani haɗin daban. In kuwa ba a shanye ba, ma'aikaci na iya sake ba da shi cikakke. Kada ki ba shi sauran ƙwayoyin nan a matsayin ci gaba, sabon sha shida ake farawa. Parasitamol yana sauke zafi yaro ya samu sauƙi, amma ba ya taɓa cutar, kada saukar zafin ta ruɗe ki.

In aka ce ya yi tsanani aka kwantar da shi, allurar artesunate ce ake yi yanzu, ita ma daga dangin artemisinin take. Wani babban gwaji a ƙasashen Afirka tara, a kan yara sama da 5,000, wanda aka wallafa a 2010, ya nuna mutuwa ta sauka daga 10.9 cikin 100 da kinin zuwa 8.5 da artesunate. Bayan allurar ma sai an ɗora da ƙwayoyin kwana uku. Allura ɗaya da ake zuwa a yi a unguwa a dawo gida ba magani ba ce cikakke.

Tunda bai kai shekara biyar ba, yana cikin yaran da ake ba maganin rigakafin damina, wanda Nijar ta fara a 2013, ana bi gida-gida wata-wata a watannin ruwa. Ki gaya wa ma'aikacin likita in ya sha shi a watan nan, domin akwai wani magani mai suna amodiaquine a ciki, kuma ba a son a yi wa irin wannan yaro magani da haɗin da ke ɗauke da amodiaquine. Shi ma rigakafin na kwana uku ne: na ranar farko a gaban masu rabawa, na rana ta biyu da ta uku a hannunki ake bari, kuma su ne aka fi mantawa. Ki sa shi kwana cikin gidan sauro kowane dare har bayan ɗaukewar ruwa, domin a Oktoba ma sauro bai tafi ba. Allah ya ƙara sauƙi, a gaishe da Inna.